Klipschorn: lasifikar da ke aron bangon ɗaki

Klipschorn lasifika ce ta sauraron kiɗa a gida, wadda injiniya Paul W. Klipsch (1904–2002) ya ƙirƙira. A 1946 ya kafa kamfaninsa a wata rumfar kwano a garin Hope na jihar Arkansas ta Amurka, inda ya yi aikin soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tun daga wannan shekara ba a daina ƙera ta ba, kuma har yau a Hope ake haɗa ta.

Matsalar da Klipsch ya tunkara ta girma ce. Ƙaho yana ƙara wa sauti ƙarfi, kamar yadda ake ji a lasifikar masallaci ko ta motar yaƙin neman zaɓe, sai dai waɗannan murya kawai suke ɗauka. Kafin ƙaho ya fitar da sauti mai kauri irin na babban tambari, sai ya yi tsawo da faɗin bakin da ba zai shiga falo ba. Klipsch ya naɗe ƙahon a cikin akwatin katako, ya ɓoye faifan sauti mai inci 15 a ciki, sannan ya tsara a jingina akwatin a kusurwar ɗaki, ta yadda bangaye biyu da daɓe za su zama ƙarshen ƙahon. Wasu ƙahoni biyu a sama su ke ɗaukar matsakaicin sauti da siriri.

Ribar wannan dabara ita ce ƙarancin wuta. Da wat ɗaya tak Klipschorn na kai kimanin desibel 105 a nisan mita ɗaya. Lasifika mai desibel 87 sai ta sha wuta fiye da ninki 60 kafin ta kamo ta. A zamanin da amfilifaya ba ta wuce 'yan wat kaɗan ba, wannan babban abu ne. Da yake faifan ba ya motsi da yawa, sautin na fita garau, bugun ganga kuma na zuwa kwatsam kamar makaɗin yana ɗakin.

Masu suka na cewa ƙaho na sauya launin murya, ta zama kamar mai magana ta cikin tafin hannu, musamman a tsofaffin samfura. Zargin yana da tushe. Amma babban sharaɗinta shi ne ɗaki: duk wanda ba shi da kusurwa biyu masu ƙwari a bango ɗaya, tsohuwar Klipschorn ba za ta ba shi kaurin sautin da ya biya kuɗinsa ba. Shi ya sa kamfanin ya rufe bayan akwatin a sababbin samfura.