BRAZEN: JIRGIN YAƘIN DA YA ƊAUKO BAƘON SARKIN MUSULMI

Yau tarihinmu na wani jirgin ruwa ne da bai taɓa shiga kogin Kwara ba, amma yana da hannu a yadda Turawa suka gano hanyar kogin nan namu.

Sunansa HMS Brazen, jirgin yaƙin Ingila. An ƙera shi da katako a Portsmouth, ya shiga ruwa a 1808. Ba shi da inji, iska ce ke tura shi, ga igwogi jere a gefensa. Ya yi yaƙin Ingila da Amurka na 1812, kuma a 1815 shi ya kai wa mayaƙan Ingila da ke gaɓar Amurka labarin an yi sulhu.

A 1825 aka turo shi gaɓar Afirka ta Yamma farautar jiragen fataucin bayi. A wannan tafiya ya ɗauko Hugh Clapperton, wanda Hausawa suka sani da Abdullahi, da yaronsa Richard Lander, ya sauke su Badagiri. Sakkwato suka nufa, wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, neman yarjejeniyar ciniki da ta hana sayar da bayi.

To wa ke masu tafinta? Wani Bagobiri ne, Abubakar, da Turawa ke kira Pasko. An taɓa sayar da shi bawa, jirgin Ingila ya ƴanto shi a teku, ya zama matuƙi.

Tafiyar ba ta yi kyau ba. Sun tarar Sakkwato na yaƙi da Barno, Bello ya hana su wucewa da kayan da suka ɗauko wa Shehu El-Kanemi. Clapperton ya rasu a can a watan Afrilu 1827. Amma Lander ya dawo a 1830 da ƙanensa da Pasko, suka bi kogin daga Busa har teku. Daga nan Turawa suka san ƙofar, jiragen ƴan kasuwa suka biyo, daga baya sojoji.

Shi kuwa Brazen, an mai da shi coci a kan kogin Landan, aka wargaza shi a 1848. Sunansa da shekarunsa duk suna rubuce. Na Abubakar Bagobiri fa, mu nawa muka taɓa jinsa?