Yadda Masu Gashin Ciwon Daji Suka Koyi Magana da Majinyaci

A duk asibitin da ake gashin ciwon daji, akwai wanda ya fi kowa ganin majinyaci, kuma ba likita ba ne. Likita yakan duba shi sau ɗaya a mako. Ma'aikacin gashi kuwa, wato mai kwantar da shi a gadon na'ura ya saita shi, kullum suna tare daga Litinin zuwa Juma'a, wani lokaci har mako shida ko bakwai. Duk da haka, sana'ar ta daɗe tana yaye ɗaliban da suka ƙware a lissafin haske da sunan kowane ƙashi, amma batun yadda za a yi magana da bawan Allah da ke kwance cikin fargaba, an bar wa kowa halinsa.

Tushen abin tsoho ne. Wilhelm Rontgen ya gano hasken eksire a Jamus a 1895, kuma ba a rufa shekara ba aka fara gwada shi a kan ciwon daji. Da aka kafa ƙungiyar ma'aikatan wannan fanni a Birtaniya a 1920, abin da aka sa gaba shi ne sanin na'ura, sanin jikin mutum da kauce wa ƙuna. A 1951 aka fara gashi da na'urar kobalt a Kanada, a 1953 kuma asibitin Hammersmith na Landan ya fara aiki da na'urar linac mai ƙarfin gaske. Ƙarfin hasken ya tilasta gina ɗakuna masu kaurin bango, ma'aikaci ya koma waje, majinyaci ya zauna shi kaɗai bayan an rufe ƙofa. Abin da ya rage tsakaninsu shi ne kyamara da ƴar lasifika.

Ko da ma'aikacin yana son magana, zamanin ya ɗaure masa baki. A 1961 Donald Oken ya tambayi likitoci a wani asibitin Chicago, ya tarar kusan kashi 90 cikin ɗari sun fi son ɓoye wa majinyaci cewa ciwon daji gare shi. To wanda ba a gaya masa sunan ciwonsa ba, me ma'aikacin gashi zai ce masa? Amsar da aka gada ita ce, "Sai ka tambayi likita." Da aka sake irin wannan tambaya a Amurka, sakamakon da aka wallafa a 1979 ya nuna lamarin ya juye: kashi 97 cikin ɗari sun ce faɗa suke yi. Majinyata suka fara shigowa da tambayoyi, kuma wanda suke gani kullum shi suke wa.

Sai ga darasi mai ɗaci. Tsakanin 1985 da 1987 wata na'ura mai suna Therac-25 ta zuba wa mutum shida haske fiye da kima a Amurka da Kanada, saboda kuskure a manhajarta. A Marietta ta jihar Jojiya, wata mata ta ce na'urar ta ƙone ta, aka ce mata hakan ba ya yiwuwa. A Tyler ta jihar Texas a 1986, ranar da abin ya faru kyamarar ɗakin ba ta haɗe, lasifikar kuma ta lalace. Mutumin ya ji zafi, mai aikin ba ta ganinsa ba ta jinsa, har sai da ya tashi yana dukan ƙofa. Bayan watanni ya rasu. Har yau ana karantar da wannan labari, domin ya nuna cewa abin da majinyaci ya faɗa yana cikin matakan tsaro, daidai da duk wata lamba da ke kan allo.

Dabarun koyar da magana da majinyaci daga makarantun likitanci aka aro su. Howard Barrows ya fara horar da lafiyayyun mutane su yi kamar marasa lafiya a Kalifoniya a 1963. Ronald Harden na Dundee ya fito da jarrabawar zagaya tashoshi a 1975, inda ake ba ɗalibi maki kan abin da ya yi a gaban malami. Peter Maguire a Manchester ya riƙa ɗaukar hirar ɗalibai da majinyata a bidiyo yana sa su kalli kansu. A 2002 Lesley Fallowfield ta wallafa gwajin da ta yi da likitocin ciwon daji 160, wanda ya tabbatar da cewa kwas na kwana uku yana sauya yadda suke tambaya da saurare. Wannan ya raunana tsohuwar hujjar nan ta cewa iya magana baiwa ce, ba a koyar da ita.

Sai dai rigar aro ba ta rufe katara. Likita na da kujera da ofis. Ma'aikacin gashi minti goma zuwa sha biyar gare shi, majinyaci a kwance, wani sashen jikinsa a buɗe, ga layi a waje. Dole malaman fannin suka tsara nasu darussan.

A duba darasin abin rufe fuska. Mai ciwon kai ko wuya ana jiƙa masa wata roba mai huji-huji a ruwan ɗumi, a shimfiɗa masa a fuska har ta sandare, sannan kullum a maƙale ta da gado don kada ya motsa. Wani bincike a Brisbane a 2018 ya samu kusan mutum ɗaya cikin huɗu na shiga firgici saboda ita. A wasu makarantu ɗalibin ake fara kwantarwa a sa masa, ƴan ajinsu su fita su bar shi. Idan ya tashi, sai a ba shi wanda zai yi kamar majinyaci. Ana lura ko ya gaisa ya faɗi sunansa, ko ya ba mutum robar ya taɓa kafin ta hau fuskarsa, ko sun yi yarjejeniyar alama: "Baba, ina ganinka kuma ina jinka. In ka ɗaga hannu zan tsayar, in shigo." A ƙarshe ba a yarda ya tambaya "Ka gane?" ba, don kowa zai ce e. Cewa zai yi, "Baba, maimaita mini yadda za ka yi gobe, in ji ko na yi bayani daidai."

Wannan ba ladabi ne kawai ba. Mai ciwon mafitsara ko mahaifa da bai fahimci yawan ruwan da zai sha kafin ya shiga ba, kayan cikinsa za su gusa daga inda aka auna. Matar da ake gasa wa nonon hagu, in ba ta iya riƙe numfashi yadda aka koya mata ba, hasken zai kusanci zuciyarta. A Jami'ar Hull aka ƙirƙiro VERT, majigin da ke nuna ɗakin gashi kamar gaske, ɗalibai na atisaye da shi, wasu asibitoci kuma na nuna wa majinyata kafin ranar farko. A Ostireliya, Georgia Halkett da abokan aikinta sun horar da ma'aikatan gashi su zauna da masu ciwon nono sau biyu kafin a fara, sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna damuwar matan ta ragu.

A Najeriya, asibitin koyarwa na Legas ya fara gashi da kobalt a 1973, daga baya cibiyoyi suka samu a Ibadan, Zariya, Abuja da Sakkwato. Nijar ta buɗe tata ta farko a Yamai a 2021. Ɗalibi a nan da Turanci ko Faransanci yake karatu, amma wadda zai tarar a kan gado Hausa take ji, daga ƙauye mai nisa ta zo, sau da yawa ciwon ya riga ya ci jiki. Tambayoyinta ba sa cikin littafin Landan. Ko wanka da alwala za su goge alamar da aka zana mata a fata? Ko za ta iya ɗaukar jikanta bayan ta fito? Ko namiji ne zai buɗe mata jiki? Yaya za ta yi da shan ruwa a watan azumi? Ga ɗanta a gefe yana roƙon kada a gaya mata sunan ciwon. Gashin bakin mahaifa kuwa ana son kammala shi cikin mako takwas, kuma wadda ba a yi wa bayani ba, da zarar fata ta fara saɓa ko gudawa ta kama ta, sai ta tattara ta koma gida.

Jami'o'in da ke koyar da wannan fanni a Kano, Sakkwato da Maiduguri, tare da hukumar rajistar ma'aikatansa da aka kafa a 1987, su ne ke da ikon gyara wannan. Ya kamata a sa darasin magana da majinyaci cikin manhaja da makinsa, a yi atisayensa da Hausa, kuma kada a yaye ɗalibi sai ya yi wa dattijuwar da ba ta taɓa shiga aji ba bayanin gashinta har ta iya maimaita masa.