Hadara: Tarihin Shingen Kamun Kifi a Gaɓar Baharain

Tun kafin a haƙo man fetur a Baharain cikin shekarar 1932, arzikin tsibirin a kan abu uku ya dogara: dabino, da lu'ulu'u, da kifi. Marubuta tarihi sun fi mai da hankali ga lu'ulu'u, domin shi ne ya tara wa attajirai dukiya. Amma abin da ya riƙe cikin talaka shi ne wani shinge da ake kafawa a bakin teku, wanda Larabawan wurin suke kira hadara.

Ruwan Tekun Fasha ba shi da zurfi a wannan gaɓa, kullum kuma yakan cika ya janye. Masunta sukan kafa doguwar katanga ta zarbar dabino, ta taso daga tudu ta miƙe cikin ruwa, ta ƙare a wani zagaye mai ƙuntataccen baki. Idan ruwa ya cika, kifi ya biyo shi zuwa gaɓa neman abinci. Idan ya soma janyewa, kifin ya juya zai koma, sai ya ci karo da katangar, ya yi ta binta har ya faɗa zagayen. Mai hadara ba ya bukatar jirgi. Da ƙafa yake shiga, ya kwashe rabonsa, wanda sau da yawa kifin nan ne da suke kira safi.

Da yake hadara ba ta motsawa, sai ta zama tamkar gona a cikin teku. Ana gadonta, ana sayarwa, ana ba da haya, har akan yi waƙafi da ita. Mai ita kuwa ba lalle ne shi ne mai shiga ruwan ba. Sau tari wani ne yake aikin, ya biya maigidan wurin. Masanin nan na Birtaniya, R. B. Serjeant, ya yi rubutu a kan masuntan Baharain da tarkunansu a 1968. Daga baya waya da sandunan ƙarfe suka maye gurbin zarba, amma fasalin ginin bai sake ba.

Wannan mallaka ta kai har gaban Kotun Duniya da ke birnin Heg. A shari'ar iyaka tsakanin Baharain da Katar, wadda aka yanke a watan Maris na 2001, Baharain ta kawo lasisin kafa tarkon kifi cikin hujjojinta na cewa ita ce mai iko da wani ɗan tsibiri, Kit'at Jarada. Kotu ta ba ta tsibirin, ko da yake ta fi dogara ga alamar jagorar jirage da Baharain ta kafa a kansa.

Abin mamaki, hukumomin da suka san darajar takardar hadara ba su damu da ƙidayar abin da take kamawa ba. A 2013, Dalal Al-Abdulrazzak da Daniel Pauly na Jami'ar British Columbia a Kanada suka duba hotunan tauraron ɗan'adam na Google Earth, inda shingayen suke fitowa sarai kamar kibiyoyi. Suka ƙiyasta cewa a 2005 akwai wajen 1,900 a gaɓar Tekun Fasha, waɗanda suka kama kimanin tan 31,000 na kifi, watau kusan ninki shida na abin da ƙasashen yankin suka kai rahoto ga Majalisar Ɗinkin Duniya.

Wannan giɓi ya cuci ɓangare biyu. Hadara tana zaune ne a ruwa marar zurfi inda ƙananan kifaye suke girma, saboda haka tana kama da yawa tun ba su hayayyafa ba, alhali ma'aikacin da ke tsara dokar su bai san yawan abin da ake ɗiba ba. Shi kuma masunci, tun da ba a rubuta amfanin da yake samarwa ba, muryarsa ba ta da nauyi ranar da aka zo cike gaɓa da yashi don gina unguwanni da tashoshin jiragen ruwa. Ta haka wurare da dama a arewacin Baharain, inda hadara ta yi zamanai tana tsaye, suka koma tudu.