KALMAR "JAMA'A": DAGA ƊEGEL ZUWA DANDALIN GARINMU

Ba a yin taro a garin nan a watse ba a ambaci kalmar "jama'a" ba. Mai shela da ita yake buɗe baki, wanda gobara ta kama gidansa ita yake kira, mai gaida hakimi kuma yakan ce, "Ranka ya daɗe, yaya jama'a?" Saboda sabo, kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa su tambayi inda ta fito.

Asalinta Larabci ne, daga tushen da ke nufin tarawa ko haɗawa. Daga wannan tushe muka sami Juma'a, ranar haɗuwa a masallaci guda, da sallar jam'i, da ijma'in malamai, da jam'iyya, da jami'a, har ma da majami'a, inda Kiristoci suke ibada.

A ƙasar Hausa kuwa, kalmar ta yi nauyi na musamman a zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Almajirai da mabiyan da suka taru gare shi a Ɗegel, Fulani da Hausawa da Buzaye, da sunan Jama'a aka san su. Ba dangi ɗaya ba ne, ba kuma talakawan sarki ɗaya ba. Abin da ya ɗaure su shi ne alkawari da ɗaukar nauyin juna. Da Sarkin Gobir Nafata ya hana maza naɗa rawani, mata kuma yin lulluɓi, wannan Jama'a yake nufi. A shekarar 1804, zamanin Yunfa, suka yi hijira zuwa Gudu, inda suka yi wa Shehu mubaya'a. Shiga Jama'a a lokacin yana iya raba mutum da gonarsa da garkensa, wani ma da ransa. Har yau sunan yana nan a masarautar Jama'are ta jihar Bauchi da masarautar Jama'a da ke Kafanchan.

Zamanin Turawa ya zo da wani salo. A 1949 'yan boko suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a matsayin ƙungiyar al'adu, sai a 1951 ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC. NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta fi son kalmar "talakawa", domin a ganinta sarakuna da waɗanda suke mulka ba kwano ɗaya suke ci ba.

A nawa ganin, tun daga nan kalmar ta fara sauƙaƙa. "Mai jama'a" yanzu shi ne wanda zai iya cika fili da mutane ranar kamfe, ko da kuɗin mota ya raba musu. Haka nan idan aka ce rijiya ko makaranta "ta jama'a ce", sau da yawa abin da mai sauraro yake ji shi ne ba ta da mai ita, alhali iyayenmu da suka haƙa rijiyoyin unguwa da aikin gayya sun san gidan da yasa ta faɗo kansa a kowace shekara, da wanda zai kawo fura ga masu aiki.