Zafi da Rugugi a Cikin Tsofaffin Motoci: Waiwaye Daga Zogona ta Wagadugu

Gabatarwa

Mafi yawan motocin da suka tsufa a kan hanyoyin Afirka ta Yamma an ƙera su ne domin yanayin Turai, inda abin da ake gudu shi ne sanyi. Da suka iso ƙasashen Sahil sai suka tarar da rana mai ƙuna da hanyoyin burji masu gargada. Wannan rubutu zai bi tarihin yadda direbobi da kanikawa da kamfanonin ƙera motoci suka yi fama da abubuwa biyu da ke damun duk wanda ya zauna cikin tsohuwar mota, wato zafi da ƙara. An ɗauki birnin Wagadugu a matsayin misali, domin har yau tsofaffin motoci ne ke ɗaukar kaso mai yawa na zirga-zirgar jama'a a cikinsa.

Wagadugu da Hanyar Gabas

Alaƙar Hausawa da Wagadugu ta girmi mota. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sun riƙa ratsa ƙasashen Gurma da Mosi, wasu suka zauna suka kafa zango. Tsohuwar unguwarsu ta Zangouettin tana cikin unguwannin da aka rushe a 2003 domin shirin sabunta tsakiyar birni da ake kira ZACA, mutanenta suka watsu cikin wasu unguwanni. Ita kuwa Zogona, inda Jami'ar Joseph Ki-Zerbo take, tana ɓangaren gabashin tsakiyar birnin, wato wajen da hanya ke fita zuwa Fada N'Gurma da Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 500. Jirgin ƙasa daga Abijan bai iso Wagadugu ba sai a 1954, kuma bai wuce gabas zuwa Nijar ba. Saboda haka mota ce ta gaji jaki da takarkari a kan wannan hanya.

A watan Afrilu zafin rana a Wagadugu kan kai digiri 40 a ma'aunin Selshiyas. Motar da aka ajiye a rana a rufe kuwa, cikinta na iya haura digiri 60. Korayen motocin tasi na birnin, waɗanda da yawansu Marsandi 190 ne da aka ƙera tsakanin 1982 da 1993, a cikin irin wannan yanayi suke wuni.

Ta Ina Zafi da Ƙara Suke Shiga?

Zafi yana shiga mota ta ƙofofi uku. Na farko, hasken rana da ke dukan rufi yana kuma ratsa gilashi. Na biyu, zafin inji da salansa da ke bin ƙarfen da ya raba inji da mazaunin direba, da kuma daben mota. Na uku, iska mai zafi da ke kutsowa ta ramukan wayoyi da robobin ƙofa da suka mutu.

Ƙara ma iri biyu ce. Akwai wadda iska ke ɗaukowa daga inji da tayoyi ta shigo ta kowace kafa. Akwai kuma rugugin da faffaɗan ƙarfe ke yi idan ya girgiza, kamar yadda fatar ganga ke amsawa idan an buge ta. A kan gargada, ƙofofi da rufi da dabe duk sukan koma ganguna. Kowace irin ƙara da nata magani, kuma rashin bambance su ne ke sa mutum ya kashe kuɗi bai ga sauƙi ba.

Zamanin Farko: Iska Ita Ce Magani

Motocin Citroën da suka tsallaka Sahara daga Tugurt zuwa Tambutu tsakanin Disamba 1922 da Janairu 1923, da ayarin kamfanin da ya biyo ta Yamai da Damagaram a tafiyar 1924 zuwa 1925, buɗaɗɗu ne, ba su da rufaffen ɗaki da zai tara zafi. Manyan motocin da suka biyo baya, waɗanda kafintocin gida suka riƙa yi wa jikin katako, su ma sun dogara ne da iska. Katako ba ya ɗaukar zafi kamar ƙarfe, kuma ba ya amsa amo kamarsa. Direbobin hamada sukan rataya salka a gefen mota, iska na bugun ta, ruwan ciki na sanyi.

Tun shekarun 1950 kamfanin Land Rover ya fito da rufi mai hawa biyu domin ƙasashe masu zafi. An ɗora wani falle a saman rufin asali, an bar tazara a tsakani domin iska ta ratsa, sannan aka buɗe 'yan kafofi a rufin ciki. Fallen sama ne ke shan rana, na ƙasa yana cikin inuwa. Bahaushe ya san wannan hikima tun daga rumfa da zana, kuma direban da ya ɗaure tabarma ko kaya a kan rufin motarsa yana cin moriyarta.

Zamanin Fijo

Fijo 404 ta fito a 1960, 504 ta biyo baya a 1968. An kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya a 1972, masana'antarsa ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da daina ƙera ta. A shekarun 1970 da 1980 wasu Turawa sukan tuƙo tsofaffin Fijo ta Aljeriya da Tamanrasat zuwa Agadas, su sayar a Nijar ko su wuce da su Wagadugu. Daga baya tashoshin ruwa na Kwatano da Lome suka karɓe wannan ciniki.

Kariyar da masana'antu suka sa wa motocin wancan zamani kaɗan ce: fallayen kwalta da aka manna a dabe domin kashe rugugi, sai shimfiɗar zaren algarara ko tarkacen auduga a ƙarƙashin kafet da bayan silin. Rana ta busar da kwaltar ta farfashe. Algarara kuwa tana shan ruwan damina ta riƙe, dabe ya yi tsatsa ya huje. Mai walda ya yanke ya yi faci, sau da yawa ba a mayar da shimfiɗar ba, sai fasinja ya ji zafin salansa a tafin ƙafarsa.

Na'urar sanyaya mota, wadda kamfanin Packard na Amurka ya fara sayarwa a 1939, ba ta zama ruwan dare a waɗannan motoci ba. Waɗanda suke da ita ma sun gamu da cikas bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ta kai ga daina sarrafa iskar R12 da suke aiki da ita.

Abin da Mai Gyara Zai Koya

Tarihin ya nuna tsarin da ya kamata a bi. A fara da kankare tsatsa da toshe ramuka da sauya robobin ƙofa, domin kafa ɗaya na iya ɓata dukkan aikin. Sai a manna fallayen robar butil masu fuskar alminiyam a tsakiyar faffaɗan ƙarfe, ba lallai sai an rufe ko'ina ba. Na kwalta masu araha sukan yi laushi su yi wari a zafin Sahil. A kansu a shimfiɗa soso marar shan ruwa, sannan leda mai nauyi a dabe, domin nauyi ne ke tare ƙarar da iska ke ɗaukowa: duk lokacin da aka ninka nauyin shinge, ƙarar da ke ratsa shi kan ragu da kimanin desibel 6. Kariyar salansa ta ƙarfe kuwa a waje ake ɗaura ta, a bar tazarar iska, kamar dai rufin Land Rover. A yi hattara wajen kankare tsofaffin kayan kariya, domin wasunsu na ɗauke da asbestos mai cutar da huhu, wanda Faransa ba ta haramta ba sai a 1997.

Kammalawa

Batun ya wuce jin daɗin mai mota. Masana lafiya sun tabbatar da cewa ƙarar da ta kai desibel 85, idan ana shan ta awa 8 kullum, tana lalata ji sannu a hankali, zafi kuma yana jawo gajiya da gyangyaɗi a kan sitiyari. Direban tasi a Zogona da direban a-kori-kura a Maraɗi su ne ke biyan wannan farashi da jikinsu. Ɗaliban tarihi da na harshe suna da aiki a nan, domin dabarun kanikawa da masu ɗinkin kujera, da kalmomin da suka ƙirƙira wa sana'arsu, a bakin dattawan gareji suke. Ya kamata a je a naɗe su tun masu su na raye.