Fam ɗaya a ƙofar Kruger

A shekarar 1927 motoci uku kacal suka shiga gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu ɗauke da masu kallon namun daji, kowace mota ta biya fam ɗaya. Da shekara ta zagayo motocin suka kai 180, a 1929 kuma suka kai 850. A yau mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi ne ke ratsa ƙofofin gandun a shekarar da babu wata tangarɗa. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 19,500, wato kusan ninki tara na Yankari. Amma tarihin wannan fam ɗaya ya girmi motocin uku, domin tun kafin a karɓi ko sisi daga hannun baƙo, akwai waɗanda suka daɗe suna biyan kuɗin zama a cikin dajin.

Asalin gandun yana komawa ga watan Maris na 1898, lokacin da gwamnatin Paul Kruger, shugaban jamhuriyar Turawa 'yan asalin Holan da ke Transvaal, ta keɓe ƙasar da ke tsakanin kogin Sabie da kogin Crocodile. Maharba sun riga sun yi wa namun dajin ɓarna, annobar shanu ta 1896 kuma ta ƙarasa ɓauna da sauran masu kofato. Manufar farko ita ce a bar dabbobin su hayayyafa domin farauta ta ɗore nan gaba, ba wanda yake zancen kallo. Yaƙin da ya ɓarke da Ingila a 1899 ya sa maganar ta kwanta, sai a 1902 sabbin masu mulki suka naɗa wani hafsan soja, James Stevenson-Hamilton, ya zama shugaban gandun. Ya riƙe muƙamin har 1946.

Aikinsa na farko shi ne korar mutane. Ƙabilar Tsonga da ke zaune a wurin suka laƙaba masa suna Skukuza, ma'ana mai share wuri ƙaƙaf, kuma ba yabo suke nufi ba. Abin mamaki, wannan laƙabi ne a 1936 aka raɗa wa babban sansanin gandun, kuma shi ne sunan da masu yawon buɗe ido ke furtawa da fara'a har gobe. Ba a daɗe ba Stevenson-Hamilton ya gane cewa daji ba mutane daji ne ba ma'aikata, ba kuma kuɗin shiga. Sai ya sauya dabara: aka bar iyalai su zauna, bisa sharaɗin su biya haya ko su yi wa gandun aiki, su kuma bar farauta. Masaniyar tarihi Jane Carruthers, a littafinta na 1995 kan tarihin gandun, ta nuna yadda wannan haya da tarar da ake ci suka zama ginshiƙin kuɗin gudanarwa a shekarun farko. Haka nan mutanen Mozambik da ke ratsa dajin da ƙafa zuwa mahaƙar zinariya ta Johannesburg, in an kama su, sai sun yi kwanaki suna aikin tilas kafin a miƙa su ga masu ɗaukar leburori. Da irin wannan gumi aka share wani ɓangare na hanyoyin da motoci suka bi daga baya.

Tunanin cewa baƙo zai iya biya don ya ga zaki ya zo ne ta jirgin ƙasa. A 1923 hukumar jiragen ƙasa ta fara wata tafiyar shaƙatawa ta kwana tara, inda jirgin kan kwana a gadar Sabie. Fasinjoji su sauko su zauna gefen wuta da dare, wani lokaci ma'aikacin daji mai bindiga ya ɗan zaga da su. Wannan zango ya fi kowane farin jini a tafiyar. Stevenson-Hamilton, wanda manoma masu neman makiyaya da kamfanonin filaye suka daɗe suna matsa wa lamba a yanka gandun, ya ga mafita. Ranar 31 ga Mayu, 1926, aka kafa dokar gandun daji na ƙasa, aka haɗe Sabie da Shingwedzi, aka sa wa sabon gandun sunan Kruger. Sunan ma siyasa ce: ministan filaye Piet Grobler, wanda ya gabatar da dokar, dangin Kruger ne, kuma ana so Turawa masu jin Afirkans su ji cewa dajin nasu ne.

Dokokin da baƙin 1927 suka tarar sun yi kama da na mai shiga gonar wani. Sai mutum ya nemi takardar izini tukuna. Yankin Pretoriuskop kaɗai aka buɗe. Dole a fita kafin dare, saboda ba wurin kwana. An yarda a riƙe libarba don kare kai. Daga 1928 aka fara gina bukkoki masu rufin ciyawa, a farkon shekarun 1930 kuma aka kewaye sansanonin da shinge. Shekaru masu yawa ana rufe mafi yawan gandun da damina saboda zazzaɓin cizon sauro da lalacewar hanyoyi.

Dokar da ta fi kowace muhimmanci ta samo asali ne daga wani abu da ma'aikatan suka lura da shi: zaki da ke gudun mutum a ƙafa, ko ya far masa, bai cika damuwa da mota ba. Yana iya kwanciya a kan hanya motoci su kewaye shi. Muddin mutum bai fito ba, dabbar na ɗaukar motar a matsayin wani abu marar ci marar cutarwa. A kan wannan aka gina duk harkar. Shi ya sa har yau haramun ne a sauka daga mota sai a wuraren da aka ware, haramun ne a zuro jiki ta taga, kuma ba a shiga da babur. Gudu ba ya wuce kilomita 50 a awa a kan kwalta, 40 a kan burji. Ƙofofi suna buɗewa da asuba su rufe wajen faɗuwar rana, wanda ya makara ya sha tara. An hana ba dabbobi abinci, kuma dalilin ba boyayye ba ne: kura ko gwaggon biri da ya saba karɓa daga hannun mutum zai fara ƙwace, ƙarshensa harsashi. A shekarun baya-bayan nan an ƙara hana ƙananan jirage marasa matuƙi. Bayan da kisan karkanda ya yi tsanani, har aka kashe 1,215 a faɗin ƙasar a 2014, mafi yawa a Kruger, allunan sansani da baƙi ke nuna inda suka ga dabba sun daina nuna karkanda.

Akwai kuma dokar da ba ta da alaƙa da halin zaki. Tun kafin wariyar launin fata ta zama tsarin gwamnati a 1948, sansanonin na Turawa ne. Wanda ba Bature ba, in ya samu shiga a matsayin baƙo, wani ƙaramin sansani mai suna Balule aka ware masa, ba shago ba wani abin more rayuwa. A 1967 gwamnati ta buɗe wani gandu dabam, Manyeleti, a gefen Kruger, ta ce nan ne na baƙar fata. Cikin Kruger kuwa, baƙar fata shi ne mai gadi, mai dafa abinci, mai share ɗaki, mai riƙe bindiga a bayan Bature. Shekara biyu bayan buɗe Manyeleti, a 1969, aka kwashe al'ummar Makuleke daga Pafuri, tsakanin kogin Limpopo da na Luvuvhu, aka tilasta musu cinna wa gidajensu wuta, aka zuba su a Ntlhaveni, aka haɗe ƙasarsu da gandun. Daga ranar, Bamakuleke da ya koma ya ga kabarin kakansa ba tare da izini ba ya zama mai kutse.

Bayan 1994 ƙofa ta buɗe ga kowa, amma kuɗi ya gaji aikin da launin fata ke yi. Miliyoyin mutane na zaune a ƙauyukan da ke jikin shingen yamma, da yawansu ba su da mota, gandun kuma an tsara shi ne domin mai mota. Hukumar SANParks ta amsa da farashi hawa uku na abin da take kira kuɗin kiyaye daji, wanda ake biya a kan kowane mutum a kowace rana. Ɗan ƙasa ne ke biyan mafi ƙanƙanta, ɗan ƙasashen ƙungiyar SADC ta kudancin Afirka ya biya kusan ninki biyu, sauran duniya kuma ninki huɗu ko fiye. Ɗan Najeriya ko ɗan Nijar da ya je, farashin Bajamushe zai biya, domin a wannan ƙofa zaman ɗan Afirka bai isa ragi ba. Tun 2006 kuma ake ware wasu kwanaki a watan Satumba da 'yan ƙasa ke shiga kyauta.

Masu sukar farashin baƙi suna cewa nuna bambanci ne. Hujjar hukumar ta fi ƙarfi: ɗan ƙasa yana biyan haraji, shi ne kuma giwa ke cinye wa gona in ta ɓalle shinge. Ga shi kaso mafi tsoka na kuɗin gudanar da hukumar daga yawon buɗe ido yake fitowa, Kruger kuma shi ke ɗaukar nauyin ƙananan gandaye da ba sa iya ciyar da kansu. Haɗarin wannan tsari ya fito fili a 2020, lokacin da korona ta rufe ƙofofi, kuɗin shiga ya tsaya cak, alhali masu gadin karkanda na jiran albashi.

Makuleke sun shigar da ƙara a ƙarƙashin dokar mayar da filaye, kuma a 1998 aka maido musu da ƙasarsu, kimanin hekta 24,000. Sun amince ba za su koma su yi noma ko su gina ƙauyuka ba. Ƙasar ta ci gaba da zama cikin gandun, su kuma suka riƙe ikon ba kamfanoni hayar wuraren saukar baƙi, kuɗin yana shiga asusun al'umma, 'ya'yansu suna aikin jagora. Mafi yawan sauran al'ummomin da suka nemi filayensu a cikin Kruger ba su samu irin wannan ba. A 2008 gwamnati ta yanke shawarar ba za ta ƙara mayar da ƙasa a cikin gandun ba, sai dai diyya, kuma a 2016 aka biya rukuni na farko a wani biki da aka yi a Skukuza.