Awo da Fargaba a Kantin Tufafin Mata

Shawarar da aka fi ba wadda ta sauya jinsi zuwa mace, idan za ta shiga kantin tufafi a Amurka ko Ingila, ita ce ta dake, ta ɗaga kai. A ganina wannan shawara ta gaza, domin tana ɗora nauyin fargabar a kan mai saye, alhali tushenta yana cikin tsarin kasuwar, kuma ana iya bin sawunsa.

Mu fara da lambar da ke wuyan riga. A 1939 zuwa 1940, Ruth O'Brien da William Shelton, a ƙarƙashin ma'aikatar noma ta Amurka, sun jagoranci auna mata kusan 15,000, aka fitar da rahoton a 1941, kuma awon fararen fata kaɗai aka yi aiki da shi. A kansa aka gina ma'aunin ƙasa na 1958, wanda bai dace da jikin mata da yawa ba, aka kuma janye shi a 1983. Yau kowane kamfani da nasa lissafin. To, in tsarin ya kasa ɗaukar matan da aka yi shi dominsu, ina ga wadda ta balaga da ƙirar namiji, mai faɗin kafaɗa, dogon hannu da tsukakken ƙugu? Rigar da ta zauna mata a kafaɗa sai ta yi mata burum a ƙasa. Takalmi ma haka: kantuna da yawa ba sa ajiye manyan lambobi. Wanda ya saba kai atamfa wurin tela ya san cewa yadi ke bin jiki. Kayan kanti kuwa jiki suke nema ya bi su.

Tsoron idon jama'a shi ma yana da asali. A 1863 birnin San Faransisko ya haramta fita cikin shigar da ba ta jinsin mutum ba, dokar da ta kai har 1974, kamar yadda Clare Sears ta bi diddigi a littafinta na 2015. An soke dokar, amma zargin ya koma ƙofar ɗakin gwaji. Da kamfanin Target ya sanar a 2016 cewa kowa zai shiga ɗakin da ya dace da jinsin da yake rayuwa a ciki, sai aka yi ta kiran a ƙaurace masa.

Ana iya cewa wasu mata na da haƙƙin neman sirri yayin canza kaya. Gaskiya ne, kuma maganinsa ɗaki mai ƙofa da sakata, na mutum ɗaya, wanda ke kare kowa ba tare da an binciki kowa ba.

Abin da ke hannun mai saye kaɗan ne, amma yana aiki: ta auna ƙirji, ƙugu da kafaɗa da tef, ta duba jadawalin awon kamfani maimakon lambar wuya, ta sayi riga da siket daban-daban, ta tambayi sharaɗin mayar da kaya kafin ta biya. Sauran aikin na masu kanti ne da masu yanka samfuri.